Yadda Za Ku Gano Inda Aka Ɗauki Tsohon Hoton Jirgin Ƙasa a Ailan

Jama'a, idan hoton jirgi mai amfani da gawayi ya zo hannunku ba rubutu a bayansa, ku fara duba faɗin dogon.

Manyan layukan Ailan faɗinsu ƙafa 5 da inci 3 ne. In kun ga dogon siriri ne, mai ƙafa 3, aikinku ya ragu sosai, domin layukan kaɗan ne, irin su West Clare, Tralee zuwa Dingle, Cavan da Leitrim, da na Donegal.

Sai ku nemi abin da ba ya motsi, kamar hasumiyar coci ko gada ko tsauni. Ku buɗe tsohuwar taswirar hukumar zana taswira ta Ordnance Survey a GeoHive, shafin taswira na gwamnatin Ailan a intanet, kyauta ne, ku bi layin tasha-tasha har ginin ya dace. Ta nuna har rumfar kaya da kwanar dogo.

Kada ku dogara da lambar injin kaɗai. An mayar da wasu injinan Tralee da Dingle can Cavan da Leitrim, lambar za ta iya kai ku wata gundumar daban.

Dabarar ba ta aiki a filin fadama inda babu gini. Kuma wani hoton a juye aka wanke shi, ku duba rubutun jikin taragu kafin ku yanke hukunci.