Waƙa ta yi daɗi a situdiyo, ta fito ta lalace: kurakuran da na gaji da gyarawa

Kusan duk yaron da ya kawo mini laftof yana cewa FL Studio ko Cubase ta ɓata masa waƙa, idan na zauna na duba sai in tarar manhajar ba ta da laifi. Ƙananan situdiyo sun yawaita a Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, kuma ina murna da hakan. Abin da ke ci mini rai shi ne kuskure iri ɗaya ake ta maimaitawa, wannan ya koya wa wancan.

Na farko shi ne murya ta riƙa bin kiɗa a baya. Mawaƙi na cikin ɗakin ɗauka, yana jin muryarsa a hedifon tana zuwa a makare, sai ya fara jan kalma ba da saninsa ba. Mai kiɗa kuma ya ce ai mawaƙin ne bai iya hawa kiɗa ba. Je ka duba bafa tukuna, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. Idan aikinka na kan 44,100 (yawan guntayen sauti a daƙiƙa ɗaya) kuma bafa na kan 2048, jinkirin ya kai milisakan 46 a tafiya ɗaya, kafin a haɗa da na dawowar sautin cikin kunne. Mayar da ita 256, ya sauko ƙasa da milisakan 6. Ni dai 128 ko 256 nake sawa lokacin ɗaukar murya, sai na zo gyaran sauti nake ɗaga ta zuwa 1024. Ka zaɓi direban ASIO na katin sautinka. ASIO4ALL na wanda ba shi da katin ne. Ka kashe manyan fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, da ka jibga a kan masta, layin da duk sautuka ke haɗuwa, har a gama ɗauka, domin wasunsu na ƙara nasu jinkirin. Hedifon ɗin Bluetooth kuwa kada ma ya shigo ɗakin.

Akwai wani saɓanin da ya fi wannan ɓoyuwa. Sautin faifan CD 44,100 ne, masu haɗa bidiyo kuma da 48,000 suke aiki. Idan aka karanta fayil ɗin 48,000 a matsayin 44,100 ba tare da an juya shi ba, waƙar minti 5 za ta koma minti 5 da daƙiƙa 26, murya ta yi kauri ta sauka. Cubase takan tambaye ka ko ta juya fayil lokacin da kake shigo da shi, yara kuma sai su danna su wuce ba su karanta ba. Tun kafin ka buga kiɗan farko ka tambayi mai waƙa: za a yi mata hoto? In za a yi, ka fara a kan 48,000 ka ƙare a kai, ka kuma faɗa wa edita.

Sai masu aiki da MP3. MP3 na saurare ne, ba na aiki ba. Bayan sautin da yake zubarwa, yakan saka 'yar tazarar shiru a farkon fayil, wadda kan kai kimanin milisakan 25, shi ya sa amshin da aka turo maka daga wata situdiyo ba ya zama daidai a kan kiɗa. Ka tura WAV. Na san data na da tsada, amma WAV mai 16-bit kimanin megabait 10 ne a minti ɗaya, kuma idan ka tura shi ta WhatsApp a matsayin Document zai isa yadda yake. Kowane layi, murya ne ko amshi ko kalangu, ya fara daga farkon waƙa ko da shiru ne a wurin, ka rubuta BPM, wato saurin kiɗan, a jikin sunan fayil.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, domin ya jawo mini asarar da har yau ban manta ba. An kawo mana aikin waƙar biki, na ɗauki murya na bar wa yaron da ke taya ni aiki ya ƙarasa ya fitar. Ashe ya samo wani fulogin na gwaji a intanet ya ɗora a kan muryar. Irin waɗannan, da yawansu sukan yanke sauti na ɗan lokaci ko su saka ƙara jifa-jifa, don ka saya. Ya fitar, ya zuba a filashi, ya miƙa ba tare da ya saurara ba. A wurin taro, mata sun cika, aka sa waƙa, yankewar ta faɗo daidai inda ake ambaton sunan mahaifin amarya. Washegari da safe yayan ango ya same ni a ƙofar situdiyo, ko zama bai yi ba, ya ce, “Malam, mi munka yi maka? Dangin amarya sun ce da gangan anka cire sunan Alhaji.” Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, wallahi na'ura ce.” Wa zai yarda da wannan a gidan biki? Na mayar da kuɗi, gidan kuma ba su sake kawo mini aiki ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Ba a miƙa waƙar da ba a saurara ba. Ba wadda ke cikin manhaja nake nufi ba, fayil ɗin da ya fito, daga farkonsa har ƙarshensa, ba tsallake. Minti biyar ne fa! Kana da lokacin zama a majalisa har dare, amma ba ka da minti biyar na aikin da aka biya ka? Ni nakan rufe manhajar gaba ɗaya, in saurara a sifikar situdiyo, sannan in tura wayata in sake ji, tunda a waya mafi yawan mutane za su ji ta. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Ni ba na sallamar aiki sai na yi.

Kuma ku rage kwaɗayin tara fulogin. Yaro na da ɗari a kwamfuta, rabi na sata ne da aka fasa, bai san aikin biyar ba. Su ne ke rufe manhaja ana tsakiyar ɗauka, su ne ke shigo da bairos. Parametric EQ 2 da Fruity Reeverb 2 da Fruity Limiter da suka zo da FL Studio sun isa fitar da murya mai tsabta ga wanda ya san kunnensa. Idan fulogin ya ƙi bayyana, duba ko tsohon 32-bit ne; tun Cubase 9 ta 2016 kamfanin Steinberg ya daina karɓarsu. Na VST3 kuma gidansu ɗaya ne a Windows, cikin Common Files a Program Files, ka sa manhajar ta sake bincike.

Sauran ƙanana ne, yawancinsu a FL Studio. Ka fitar da waƙa ka ji ganga kaɗai na maimaituwa: kana kan PAT ne, koma SONG. Ƙarshen waƙa ya yanke kwatsam, amon murya bai gama sauka ba: zaɓi Leave remainder. Auto-Tune na karkata murya: ba ka sa masa makullin waƙar daidai ba. FL Studio ta gwaji tana ajiye aiki amma ba ta sake buɗe shi. Za ka kai aiki wata situdiyo: fitar da shi a Zipped loop package, in ba haka ba sautukan su tsaya a gida. A FL Studio, Ctrl+N na ajiye sabon kwafi, ka saba da shi saboda ɗauke wuta. Kalangu ko kotso da makaɗi ya buga da hannunsa kuwa, ni ba na matse su su zauna daidai a kan ma'aunin kiɗan kwamfuta. Jan da sakin nan shi ne daɗinsu.

Sai ƙarar tsat-tsat. A watan Afrilu, zafin garin nan na wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar laftof, dole injin ya rage gudu don kada ya ƙone, sauti ya fara kakkaryewa. A share fankar, a ɗaga laftof daga kan tebur, a bar shi a jone da caja. Kafin ka zargi zafi dai, fitar da waƙar ka saurara. In ƙarar ba ta cikin fayil, nauyi ne ya yi wa kwamfuta yawa, ɗaga bafa. In tana ciki, ko dai masta ta haura 0 dB ta yi ja, ko kuma tun wurin ɗauka ta shiga, wannan kam sai an sake kiran mawaƙi.