Kurakuran da ke kayar da ɗan tanis tun bai buga ƙwallon farko ba

Gaskiya na gaji da ganin yara masu tasowa suna zubar da wasa tun suna bakin fili, hannu lafiya ƙafa lafiya amma kai ya riga ya tafi wani wuri.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne yanke hukunci lokacin ɗumama jiki, minti biyar ɗin nan da ake ba ku kafin a fara. Ni kaina abin ya taɓa cina a wata gasa, an haɗa ni da wani dattijo gwiwarsa ɗaure da bandeji, bakhand ɗinsa (bugun da ake yi ta bayan hannu) yanka kawai yake a hankali, a raina na ce ai an gama har na fara lissafin wanda zan samu a zagaye na gaba. Wallahi kafin in farga 4-0 ake, duk abin da na buga sai ya dawo min da shi ƙasa-ƙasa ni kuma ina ta duka da ƙarfi tana fita waje, don ban shigo da shirin doguwar musaya ba sam. 6-1, 6-3 ya yi min, na yi sati abin na cina a rai. Haba jama'a, Federer fa a fainal ɗin Wimbledon na 2019 yana gaba da 8-7 a set na biyar, wato zangon ƙarshe na wasan, 40-15, sabis (bugun da ake fara kowane maki da shi) a hannunsa, maki ɗaya ya rage masa har sau biyu amma Djokovic ne ya ɗauki kofin. To kai me ka gani a minti biyar da har ka gama cin wasa? Haka kuma wanda zai ga sabis kamar harsashi gwiwarsa ta yi sanyi, duk ciwo ɗaya ne. Ni yanzu abu biyu kawai nake dubawa, bahago ne ko ba bahago ba (akwai masu kaiwa gem na uku, wato ƙaramin zango na uku a cikin set, ba su lura ba), sai yadda yake tahowa in ƙwallo ta faɗi kusa da raga. Sauran lokacin idona na kan ƙwallo.

Sai waya. Ka zauna kana ta bincika sakamakon abokin karawarka, wa ya doke wa ya doke shi, kana ɗora wa kanka kayan da ba za ka iya shiga fili da su ba. Ka ajiye ta mana! Ni saura rabin awa take shiga jaka, in samu gefe in zauna, in ja numfashi ina ƙirga huɗu in sake ina ƙirga shida, sai in maimaita shirina wanda bai wuce jimla ɗaya ba: sabis na farko ya shiga, ƙwallo mai tsawo zuwa bakhand ɗinsa. In shiri ya fi haka tsawo ba za ka tuna shi ba a daƙiƙa 25 ɗin da ke tsakanin maki da maki.

Faɗuwar gaba kuma ba alamar ba ka shirya ba ce, kowa na jinta, daina faɗa da ita. Kuma jera gorunan ruwa irin na shahararren ɗan tanis Nadal ba zai yi maka komai ba in ba ka san me kake kwantarwa da shi ba, nemi naka.

Sabon raket ko sabuwar igiya ranar wasa, a'a. Mutum biyar kowa na ba ka shawara a bakin ƙofa, saurari kocinka shi kaɗai. Zuwa a makare kana haki ma a'a.

Kuma ka yanke abin da za ka zaɓa, sabis ko karɓa, tun kafin a jefa kwabo, kar ka tsaya kana inda-inda a gaban raga. Ni ranar da na ji hannuna na rawa karɓa nake zaɓa, in bar shi ya fara sabis, gem ɗaya ya ishe ni jikina ya sake.