Yadda za ka gano abin da ke ja ka ga cin wuce kima da fashin motsa jiki

Mai yawan ci ba kullum yake cika ciki ba. Akwai lokaci da wurin da abin ke kama shi, akwai kuma mutanen da in yana tare da su ba ya iya tsayawa. Saboda haka kafin ka rage ko da loma ɗaya, samo ƙaramin littafi ka yi kwana 7 kana rubuta abu huɗu duk sanda ka kai wani abu baki: ƙarfe nawa, ina kake, da wa kake, kuma yunwarka ta kai nawa daga 1 zuwa 10. Har gyaɗar da ka ɗiba a shagon maƙwabci ka rubuta. Kada ka canja komai a makon. Ranar ta takwas ka duba, za ka ga wuri biyu ko uku ne ke ta maimaita kansu.

Wanda ya fi fitowa shi ne cin dare, kuma tun da safe ake shuka shi. Mutum ya fita da shayi kawai a cikinsa, rana ta yi ya kora da lemon kwalba, sai bayan isha'i ya zauna gaban tuwo da yunwar awa 12. A wannan halin malmala uku ba komai ba ce, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi kuwa ya share kwano cikin minti 7. Gyaran yana wajen karin kumallo da abincin rana. Da safe a samu abin da ke riƙe ciki: ƙwai 2, ko alala, ko wake, ko nono marar sukari. Bayan la'asar a ci ɗan abu, kamar gwaiba ko yalo ko cikin tafi ɗaya na gyaɗa. Tafi ɗaya fa, don gram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Da dare ka zuba naka a faranti, rabinsa ganye ko miya mai ganye, malmalar kada ta wuce girman dunƙulen hannunka. In ka gama kana son ƙari, sha ruwa ka jira minti 15 tukuna.

Ci a tire ɗaya da jama'a yana da albarkarsa, amma ba ya bari ka san iyakar abin da ka ci, kuma mai saurin hannu shi ke ja wa kowa gudu. Ka shata gabanka da ido tun farko, in ya ƙare ka tsame hannu. A gidan biki ko suna kada ka je da yunwa wai kana tanadin ciki. Wajen surukai ko wata gwaggo da ba a ƙin abincinta, karɓi kaɗan, ka yaba, ka ce "Alhamdu lillahi, Gwaggo, na ƙoshi, a ƙulla mini sauran in kai wa yara." Ba wanda zai ji haushin wannan.

Abin sha ya fi abinci yaudara, don ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, wato kusan gram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma ba a yi musu rowar sukari. Kada ka ajiye katan a gida, in kwaɗayin ya motsa sai ka taka zuwa shago ka sayi ƙaramar kwalba ɗaya. Haka cincin da dubulan ɗin da suka rage bayan Sallah: a raba wa maƙwabta, a daina ajiye bokitin a falo.

Akwai kuma cin da ba yunwa ce ta kawo shi ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: in aka miƙo maka dafaffen wake ba mai za ka ci? In a'a, tsire ko fanke kaɗai ranka ke so, to gajiya ce ko ɓacin rai ko zaman banza. Tashi daga wurin, yi alwala ko ka zaga unguwa na minti 10, yawanci abin yakan lafa. Ƙarancin barci ma yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, ya rage mai sanar da ƙoshi. Wanda ya kai ƙarfe 1 na dare yana latsa waya ko yana majalisa kusa da mai shayi, washegari maiƙo da zaƙi zai nema. Babba yana bukatar awa 7 ko fiye.

Motsa jiki kuwa, abin da ake nema minti 150 ne a mako na tafiya mai sauri, wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau 5 ke nan, ko a yanka shi goma-goma. Abin da ke kashe shi shi ne "in na samu lokaci". Ɗaura shi a jikin abin da ba ka fashinsa: daga masallacin asuba kada ka shiga ɗaki, wuce kai tsaye, takalmin tafiyar tun dare yana bakin ƙofa. Wanda ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, ya gama.

Yanayi ma yana ba da uzuri, sai a riga shi shiri. A Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, a gama kafin 7 na safe, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. In ƙurar hunturu ta yi kauri, musamman ga mai asma, ko ruwan Agusta ya tsare ƙofa, a koma cikin gida: zama da tashi daga kujera sau 12, turin bango sau 12, tafiya a wuri ɗaya minti 2, a maimaita sau 4. Wannan ya ishi matar da fita ke mata wuya, a tsakar gida bayan yara sun tafi makaranta. Masu fara da gudun awa guda ranar farko su ne ciwon cinya ke kwantarwa kwana 3, daga nan shiru. Fara da minti 10, ka ƙara 5 duk mako. In ka yi fashi yau, gobe ka yi ko rabi ne, kada ka jira Litinin, kuma kada ka rama cin jiya da ƙin karyawa, don hakan ne ke sake haifar da cin dare.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari ta glibenclamide kada ya rage abinci ko ya ƙara motsa jiki sai ya shawarci likitansa, domin sukari na iya faɗuwa har ya jawo rawar jiki da suma. Ciwon ƙirji ko jiri a kan tafiya, a tsaya a je asibiti. Wanda kuma yake cin abinci mai yawa a ɓoye har ya kasa tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako tsawon wata 3, ko yake tilasta wa kansa amai bayan ci, wannan cuta ce da ke da magani, likitan ƙwaƙwalwa zai gani.