Motsa jiki ga mai kumburin babbar jijiyar jini

Ba a ce mai kumburin babbar jijiyar jini, wadda ke fitowa daga zuciya ta ratsa ƙirji ta gangara ciki, ya kwanta ya daina motsi ba. Ni ma ina da kumburin, nawa a ciki yake, hoton asibiti ne ya nuna shi. Faɗin jijiyar a wurin kusan santimita 2 ne ga mai lafiya. In ya kai 3 an shiga kumburi, kuma ga maza galibi sai ya kai 5.5 ake maganar tiyata. Kafin nan sa ido ake yi, kai kuma aikinka ka kula da hawan jini, ka rabu da taba in kana sha.

Abin gudu shi ne yunƙuri, wato ka danne numfashi, ka cije, ka ciccibi abu mai nauyi. A wannan lokacin jini kan hau farat ɗaya ya matsa wa bangon da ya riga ya yi rauni. Shi ya sa na sallama wa yara buhun masara, da jarkar ruwa mai lita 25, da tura mota in ta mutu a hanya. Ranar layya ma su ke kayar da rago su riƙe, ni wuƙa kawai nake sawa. Faskaren ice da ƙwallon da ake bangazar juna ka bar su. Har a bayi haka abin yake: in ciki ya ɗaure, ka yawaita ruwa da ganye da gwanda, kada ka zauna kana nishi.

Tafiyar ƙafa kuwa taka ce. Ni bayan asuba nake fita, kafin rana ta yi zafi, a hanyar da ba tudu. Ka fara da minti 10 a hankali, kana ƙarawa har ka kai minti 30 a yawancin ranakun mako. Awona shi ne gaisuwa. In na haɗu da maƙwabci muka yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ban tsaya haki ba, to tafiyar ta yi daidai. In magana ta fara yankewa, sai in sassauta. Wannan ya fi ƙirga bugun zuciya amfani ga mai shan maganin hawan jini irin atenolol, domin yana rage bugun. Keke ma ba laifi, muddin ba lodi ba hawan tudu.

Ka tambayi likitanka kai tsaye: kilo nawa zan iya ɗauka? Amsar ta danganta da girman kumburin da inda yake, kuma wanda ya gaji ciwon a dangi an fi tsananta masa.

In ciwo mai tsanani ya soke ka kwatsam a baya, ciki ko ƙirji, ko jiri da gumi mai sanyi suka zo, kada ka jira ya lafa, kada kuma ka tuƙa kanka. A kai ka sashen gaggawa nan take, a faɗa musu kana da kumburin babbar jijiya.