Tattakin Arba'in daga Najaf zuwa Karbala: Shirin Ƙafa da Jaka

Tsakanin biranen Najaf da Karbala na Iraƙi kusan kilomita 80 ne, kuma yawancin masu tattaki kan yi kwana uku a hanya domin su isa kafin 20 ga Safar, ranar Arba'in, wato cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini a Karbala. Turakun fitilun titin suna da lamba, daga 1 zuwa 1452, da tazarar mita 50 tsakaninsu. Turaku 20 kilomita ɗaya ke nan. Ka ɗauki kimanin turaku 500 a rana. Idan kuna tare da jama'a, ku tsayar da lambar da za ku haɗu tun kafin ku tashi, domin cunkoso na raba mutane, layin waya kuma yakan ƙi shiga.

Ƙafa ce ke fara kayar da mutum. Kada ka kuskura ka sa sabon takalmi. Ka yi makonni kana yawo da shi tun a gida. Gumi da gogayya ne ke kawo bororo, saboda haka ka riƙe safa ƙafa uku, ka canza idan ta jiƙe. Da zarar ka ji dunduniya ta fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ta ɗuri ruwa.

A shekarun nan Arba'in na faɗowa cikin tsananin zafin Iraƙi. Ka yi tafiyarka bayan Asuba da kuma bayan La'asar zuwa dare, ka huta da tsakar rana.

Jaka kada ta wuce kilo 5. Rumfunan maukibi, wato na masu hidimar sa-kai a bakin hanya, suna ba da abinci, ruwa da makwanci kyauta. Fasfo da magungunanka kuwa su kasance a jikinka kullum.