Yadda ake canza soket ɗin da ya ƙone ba tare da wuta ta ja mutum ba

A Garwa, arewacin Kamaru, daga Maris zuwa Mayu fanka da firji ba sa hutawa, kuma a lokacin ne soket ke soma warin ƙonanniyar roba, bakinsa ya yi baƙi ƙirin. A lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo, inda ake samar mana da wuta, ke ja da baya, ɗauke wuta ya yawaita. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne in ji maigida ya ce, "Bari in gyara tunda sun ɗauke." Ranar da za a dawo da ita babu mai yi maka sallama, ga shi wutar gidajenmu bolt 220 ce, tana kisa. Ka yi aikin nan lokacin da akwai wuta, kai ka kashe ta da hannunka.

Ka tanadi tasta (ɗan sukundireban da ke kawo haske in ya taɓa wuta), sukundireba mai mariƙin roba, filaya da sabon soket mai amfiya 16, irin mai rami biyu da tsinken ƙarfe a sama. Ka sa takalmin roba, hannu a bushe, ƙasa a bushe.

Da farko zura tasta a soket mai aiki ka ga ta kawo haske, don matacciyar tasta ƙarya za ta yi maka. Daga nan ka je wajen mita ka sauke babban makunni, wanda masu gyara ke kira dijontar. Manna salatif a kansa, ka sanar da uwargida da yara, domin yaron da zafi ya dama yana iya zuwa ya ɗaga shi saboda fanka. In akwai janareta ko batirin sola a gidan, raba su da layin. Sai ka dawo ka gwada ramuka biyun soket ɗin da ya ƙone ka tabbatar tasta ba ta kawo haske ba, bayan ka kwance murfi ka sake taɓa kowace waya da tasta.

Kafin ka cire komai, ɗauki hoto da wayarka. A ƙa'ida shuɗiya tana shiga inda aka rubuta N, ja ko ruwan ƙasa ko baƙa tana shiga L, mai ratsin kore da rawaya kuma ita ce ta ƙasa, tana zuwa ga tsinken nan. Amma a tsofaffin gidaje kada ka amince da launi. Na taɓa buɗe soket a gidan ƙanena a Yelwa na tarar da wayoyi uku duk jajaye, robar ɗaya ta narke ta manne da noti, ina taɓawa tana marmashewa kamar gawayi.

Yanke inda ya ƙone har ka kai jan ƙarfe mai sheƙi, ka fere roba kamar santimita 1, ka zura, ka ɗaure tamau, sannan ka ɗan ja ka ji ko za ta zame. Yawancin ƙonewar nan daga sakwarkwataccen noti take, wuta na tartsatsi a ciki ba a gani. Duba kaurin wayar ma: ta soket mai murabba'in milimita 2.5 ce, mai 1.5 ta fitila ce. In za ka sayi sabuwa a kasuwa, kankare bakinta da wuƙa. Ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka shafe, ajiye musu abinsu. Soket mai amfiya 16 ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 3,500, saboda haka kada a tara masa dutsen guga da hita da firji lokaci guda.

Mayar da murfi, ɗaga makunni, jona fanka, bayan ɗan lokaci ka taɓa ka ji ko ya yi ɗumi. In ya yi, ko makunnin ya sake faɗuwa, kashe ka kira mai gyara. Mita da wayar da ta taso daga turke na kamfani ne, ba a taɓa su. Ina kuma roƙonka ka sa mai gyaran ya ɗora maka makunnin kariya mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta nan take in ta soma bi ta jikin mutum.

In wuta ta kama wani, kada ka riƙo shi. Sauke makunni, ko ka ture shi da busasshen icce, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. In gobara ce, kashe wuta tukuna, a zuba yashi, ban da ruwa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.