Ga ɗalibanmu da ke Holan: yawo da keke a kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sabon zuwa, kada ku yi gaggawar sayen sabon keke. Ku nemi na hannu a Marktplaats, shafin saye da sayarwa na intanet, ko wurin masu gyara. Wanda ya tare ku kan titi da keke mai arhar banza kuwa, ku wuce abinku. Yawanci na sata ne, kuma mai saye ma doka na kama shi. Ku sa makulli biyu, ɗaya sarƙa mai kauri.

In hutu ya zo, hanyoyin keke a nan suna da lamba a kowace mahaɗa. Ku jera lambobin a takarda, ku manna a hannun keken, don tun 2019 ana cin tarar mai riƙe waya yana tuƙi.

Abin da ya fi wahalar da ni ba nisa ba ne, iska ce. Ƙasar a shimfiɗe take, kusan ba tudu, amma iskar takan taso daga kudu maso yamma. Saboda haka ku tashi daga Den Haag ku nufi Haarlem ta bakin teku tana tura ku, ku dawo a jirgin ƙasa. Keke yana da nasa tikitin, kuma ranakun aiki ba a shiga da shi lokacin cunkoson safe da yamma.

Kafa tanti a daji haramun ne. Don wurin kwana, ku yi rajista da Vrienden op de Fiets, ƙungiyar da ke haɗa masu yawo da keke da masu ba da masauki, masu gida za su sauke ku har da karin kumallo, ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Guzuri kuma, shagunan Turkawa da 'yan Maroko akwai halal.